Basilla Ya Yanka Tayar Kekensa

Takalmin Dogo ya rabe gida biyu ana saura ƙiris ya isa bakin teku. Na hagu ne kuwa, wanda babu irinsa a kowace kasuwa.

Yanzu kowa ya san Dogo. Shi ne mutumin nan da ya saɓa filafilin kwalekwale a kafaɗa, ya taso daga wannan iyakar ƙasa, ya rantse sai ya taka da ƙafarsa har waccan, don hukuma ta ji kukan garinsu ta gina musu gada. Kwalekwalen da ya kife da mutanensu shi ya murɗe masa ƙafar hagu, ta warke a karkace. Rediyo ya faɗe shi, wayoyi sun ɗauke shi, ya ishe shi. Yau ba tasa za a yi ba. Akwai wani tsamurarren dattijo da ke biye da shi a kan keke, akwatin katako ɗaure a baya, wanda in an zo ɗaukar hoto ake ce wa, "Baba, ɗan matsa." Shi ne Basilla, mai gyaran takalmi a tashar garinsu, mijin ƙanwar Dogo.

Tun da suka taso aikinsa bai canza ba. Kafin Dogo ya gama miƙa da safe, Basilla ya kife takalmin a cinyarsa. Ya danna dunduniya da babban yatsa, ya zaƙulo tsakuwa da tsinin basilla, ya yanko guntun tsohuwar taya ya ɗinke inda karkatacciyar ƙafar ta cinye. Sai ya hau keke ya yi gaba ya nemo inuwa da ruwa, ya juyo ya faɗa wa Dogo, ya sake bin sa a hankali. Hanyar da Dogo ya taka sau ɗaya, Basilla sau uku ya yi ta. Wannan ba a faɗa a rediyo ba.

Kuma ba sa yini ba su yi faɗa ba.

"Kai da ƙafarka kamar lauje," in ji Basilla, "ka cinye min tayar babbar mota guda."

"Ɗinka ka yi shiru. Ai ƙanwata na ba ka kyauta."

"Kyauta? Har yau biya nake yi!"

Wani mai shayi a wata mararraba ya ga ruwan sama ya tsuge, Basilla ya tuɓe rigarsa ya naɗe takalmin da ya shafa wa gam, shi ya zauna yana karkarwa. Wata mai sayar da lemo ta ga samarin da suka raka Dogo sun jera wa Basilla tsinkakkun silifa, ya ɗinke su tas, da suka sa hannu a aljihu ya ce su ɓace masa da gani.

To, ranar da abin ya faru, suna tsakiyar wani dogon titi ne, ba gida gaba ba gida baya, kwalta tana tafasa. Sai ji aka yi ɓarak! Tafin takalmin ya rabu da samansa, ya buɗe baki kamar kada. Basilla ya zazzage akwati: zare na nan, gam na nan, guntun taya ko na magani babu. Ga shi an riga an tsayar da ranar da manya za su tarbi Dogo a bakin teku. In ta wuce, wa zai sake tara su?

Ana cikin haka waya ta yi ƙara. Matar Basilla ce.

"Maigida, shugaban tasha ya aiko. Ya ce rumfarka ta daɗe a rufe. In ba ka buɗe ta ranar kasuwa ba, mai gyaran waya zai shiga. Wai har fenti ya kawo."

Dogo yana ji. Can gaba akwai mahaɗar da motar garinsu ke wucewa da yamma, mai keke zai iya cim mata. Ya ce, "Hau kekenka ka tafi. Zan ɗaure ta da tsumma."

"Ka ɗaure da tsumma, ƙafar ta fashe, ka zube a gefen titi. Gadar kuma da yawu za mu gina ta?"

"Rumfar nan ita ce cin yaranka, mai taurin kai!"

"Yarana ta kogin nan suke zuwa makaranta, dogon banza."

Basilla ya juya ga kekensa. Ya sauke akwati, ya kife keken, ya ɓalle tayar baya, ya ɗora mata wuƙa. Wayar tana kan dutse, bai kashe ba.

"Maigida, me nake ji haka?"

"Tayar keke ce."

Sannan ta ce, "Kai da yayana ban san wanda ya fi wani ba. To, ka ɗinka da kyau. In ya faɗi a hanya kada ka dawo min gida."

Ya baje tayar, ya auna ta da tafin, ya ninka wajen dunduniya, ya bi ta da zare har yatsunsa suka yi jini. Dogo ya zura ƙafa, ya taka, ya sake takawa, ya yi tsalle kamar ɗan maraƙi. Suka kama hanya, Dogo a gaba, Basilla a baya yana tura keke a kan ƙarfe, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram.

Jama'a, da kun ga shigarsu garin ƙarshe! 'Yan babur sun tare su suna ta ham, mata sun bar tukwane a kan wuta, yara sun ɗare katanga, leburori sun yar da shebur sun bi ayari. Iska ta canza, tana ɗauke da gishiri. Da suka hau tudu, sai ga teku can ƙasa ya shimfiɗe, ba a ganin ƙarshensa. Dogo ya ɗaga filafili sama ya kwarma ihu, "Basilla! Ga shi can! Wallahi ga shi can!" Basilla ya leƙa, ya ce, "Na gani. Daina tsalle, za ka tsinke min ɗinki."

Kai ne wannan, Basilla. Kai ne mai shiga inda allura ta karye. Kai ne ka ratsa ƙasa guda kanka a sunkuye, kana kallon dunduniyar wani. Ba ka taɓa cewa a ɗauke ka hoto ba, ba ka taɓa cewa "mun yi" ba, kullum "ya kusa" kake cewa. Mun gode. Allah ya saka, ya ƙara wa yatsun nan ƙarfi.

Ku kuma masu son a gan ku a sahun gaba, ku koyi wannan. Duk tafiyar da kuka ga ta yi nisa, ku duba ƙasa, akwai wanda ya ɗinke ta. In ba za ka iya zama Dogo ba, zama Basillan wani.

Gobe da safe Dogo zai tsoma filafilinsa a teku, manya za su miƙa masa hannu, za a yi ta tafi. Ranar kasuwa kuwa jiya ce. An shafe rumfar Basilla da shuɗin fenti, mai waya ya kafa akwatin gilashinsa. Bencin da ya zauna a kai tun yana saurayi, matarsa ce ta ɗauko shi a ka. Yana nan ƙofar gida a kife.