Ranar da Muryar Mama Ta Sauko

Da sassafen Lahadin godiyar kaka, a shekarar da nake aji shida na firamare, na fito da bokiti zan tafi rijiya sai na iske Baba, dattijon ikilisiya guda, yana bin akuyarmu da sanɗa a bayan rumbu, ko takalmi babu a ƙafarsa. Akuyar tana riƙe da ɗankwalin Mama na ankon zumuntar matan majami'a a baki, rabi a ciki rabi a waje, tana taunarsa hankali kwance. Baba bai yi mata tsawa ba, bai ɗauki dutse ba, lallashinta yake yi da ganyen rogo yana waiwayen ƙofar kicin. Da ya gan ni sai ya ɗora yatsa a baki. Nan take na san abin da ɗankwalin nan zai jawo. In Mama ta gani ranta zai ɓaci, in ranta ya ɓaci muryarta za ta hau sama, in kuwa muryarta ta hau sama a ranar nan, to kibod ɗin da ake kiɗa da shi a majami'armu ya tafi ke nan.

Ƙauyenmu yana gefen Kafanchan, a kan hanyar Fadan Kagoma, kuma citta ce abin nomanmu. Da ita aka haife mu, da ita aka yaye mu. In kaka ta yi, kowane yaro a gidan ba shi da aiki sai tsaga citta da ƙaramar wuƙa da kai ta shanya a kan faffaɗan dutsen da ke bayan gida, har yatsunmu su yi yaji, in ka manta ka sosa ido ka sha kuka. Duk wannan aiki da waƙar Mama ake yinsa. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, kuma mace ce da ba ta san sauka ba. A kasuwar Kafanchan in ta faɗi kuɗin buhu, gara ta ɗauko kayanta ta dawo gida da ta rage. In gardama ta haɗa ta da Baba, shi ne yake tuna cewa yana da aiki a gona. Haka take a waƙa ma. Inda muryarta ta ga dama nan take farawa, mai kaɗa tulu da masu caki da sauran mata su bi ta, mai kibod kuma ya nemo ta duk inda take. Yayana Bulus ne mai kibod ɗin, shi kuwa Allah ya ba shi kunne, kafin Mama ta rufe baki a kalmar farko ya riga ya cafke ta.

Sai Bulus ya samu shiga kwaleji ya tafi karatun kiɗa da waƙa. Kibod ya zauna a gidan fasto cikin tsohon zanin gado, babu mai taɓa shi. Ba a daɗe ba dattawa suka zauna suka yanke cewa, tun da sabuwar ikilisiyar da ke bayan tsauni tana da saurayin da ya iya, in ranar godiyar kaka ta zo ba a samu mai bugawa a wurinmu ba, za a ba su. Maganar ta yi wa Mama zafi ƙwarai, domin matan zumunta ne suka sayi kibod ɗin da ƙwadagon noman citta a gonakin mutane, damina guda suna duƙe. Ni ma ta yi mini zafi, don ni ce mai goge shi, ni ce mai ɗauko shi a ka kowace Lahadi, ina tafe ina yanga kamar nawa ne. Da na ce ni zan koya, Baba ya dube ni ya dubi yatsuna masu ƙaurin citta, ya ce, "To, Alheri, Allah ya taimaka."

Da Bulus ya zo hutu ya bar mini tsohuwar wayarsa mai fasasshiyar fuska, ya kuma sa ni cikin wani guruf, wato zauren hira na waya, na ɗaliban kiɗa da waƙa, inda suke tura wa juna darussa da bidiyo da tambayoyi. Akwai 'yan kwalejinsu, akwai na Jos, akwai na Zariya, har da wani Chidi, ɗan unguwar ma'aikatan reluwe a nan Kafanchan, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Matsalar ita ce duk gidanmu babu inda sabis yake kamawa sai kan dutsen shanyar citta. Ni da a da sai an bi ni da tsumagiya kafin in je gadin shanya, sai ga ni ina roƙon a bar mini gadin ni kaɗai. Ƙawayena suna can suna carafke da 'yar gala-gala, ni ina kan dutse da waya a sama kamar mai roƙon ruwa, kaji suna tone cittar a bayana ban sani ba. Datar da Bulus ya saka mini bidiyo ɗaya tak ta iya saukewa, abin da ya rage sai na tura saƙo, na wani malami yana koyar da yadda ake bin waƙa a ki ɗin F. Ki shi ne matakin da murya take tsayawa a kai, kuma ashe har goma sha biyu ne, amma ni F na samu, F na riƙe hannu bibbiyu. Na zana kibod a kan wani katako da alli da gawayi, ina dannawa ina yin ƙarar da bakina. A makaranta ma bencinmu bai tsira ba, har malamar lissafi ta ce in ban daina sosa benci ba za ta kai ni asibiti.

Ranar Asabar ɗin da aka fara tada mana janareto don gwaji, na zauna da ƙarfin gwiwata na ɗora yatsu a F. Mama ta buɗe baki, ta tashi can wani wuri da ni da F ba mu taɓa zuwa ba. Abin da ya fito ya sa karen fasto ya tashi ya bar harabar. Na koma dutse da hawaye na ba 'yan guruf labari. Suka ce abu mai sauƙi, akwai maɓallin da ake dannawa ya ɗaga ki ko ya sauke shi, ni in ci gaba da buga F ɗina. Na ce maɓallin ya mutu tun ranar da wani yaro ya zubar da kunu a kai. Sai Chidi ya ce to in ɗauko muryar Mama in turo, su gano ki ɗinta, su koya mini shi kaɗai. Na ɓoye wayar cikin kwandon citta na ɗauko ta tana waƙa, na tura. Na Jos ya ce G ne. Washegari na sake ɗaukowa, na Zariya ya ce wannan ai A ne, na Jos ba shi da kunne. Na tura na uku, guruf ya kama da wuta, manyan ɗalibai masu gemu suna musu a kan uwata, wani har ya yi fushi ya fita, aka lallaso shi ya dawo. Daga ƙarshe wata ɗaliba mai hankali ta ce kowace murya na turo in faɗi abin da ya faru a gida kafin a yi waƙar. A nan asiri ya tonu. Ranar G, kaji ne suka ɓata shanya. Ranar A, Baba ne ya ba da aron galmarta ba da saninta ba. Ranar da kuwa ta sha kununta da zafinsa, ta zauna a inuwar mangwaro babu wanda ya taɓa ta, sai ga Mama daram a kan F. Chidi ya rubuto da Hausarsa ta 'yan reluwe: "Ƙanwata, ba kibod za ki koya ba, Mama za ki koya. Kar kowa ya taɓa shi har Lahadi."

Na kai wa Baba wannan bayani yana wasa lauje. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi ya daɗe da sanin haka, sunan abin ne kawai bai sani ba. Makon nan gidanmu ya zama aljanna. Tun kafin Mama ta tashi an share tsakar gida, an cika randuna, ƙannena sun wanke ƙafafunsu ba a ce su wanke ba. Baba ya karɓo galmar da kansa, ya haɗo da tsire daga Kafanchan. Ta ce miya ta yi gishiri, ya ce ta yi. Ta ce a'a ba ta yi ba, ya ce shi ma yanzu ya ji ba ta yi ba. Abin har ya fara ba ta tsoro, ta kira ni gefe ta tambaye ni ko likita ya faɗa wa Baba wani abu game da ita ne ake ɓoye mata. Na rantse babu komai. Kowace yamma ina laɓe da waya, ina turawa, 'yan guruf suna amsawa da murna cewa har yanzu muna F. Mun yi dabarar kowa a gidan nan, akuya ce kawai ba mu sa a lissafi ba.

Baba ya samu ya ƙwato ɗankwalin, amma abin da ya rage bai fi a ɗaure kan jariri ba. Muna tsaye muna shawarar inda za mu ɓoye shi sai ga Mama ta fito da kofin kunu. Ta dubi ɗankwalin, ta dubi akuya, ta dubi Baba da ganyen rogo a hannu. Ba zan maimaita abin da ta faɗa ba tun da ranar Lahadi ce, amma ta fara daga akuyar, ta bi ta kan wanda ya ɗaure ta da ruɓaɓɓiyar igiya, ta gangara har dangin wanda ya sayar mana da ita. Kunun ma ba ta sha ba. Ta ari ɗankwalin maƙwabciyarmu, wanda ya koɗe, ta wuce gaba tana taku kamar za ta fasa hanya. Na biya gidan fasto, ga ni ina biye da ita da kibod a ka, ina jin nauyinsa ya ninka, ina ce wa kaina yau ce ranar ƙarshe da zan ɗauke shi.

Majami'a ta cika maƙil. Gaban bagade an tara doya da buhunan citta da dammunan dawa da acca, ga zakaru a ɗaure suna ta ƙorafi. Mutanen bayan tsauni sun zo su ma, saurayin nasu yana zaune a benci na gaba, har da igiyar roba a aljihu ta ɗaure kaya a babur, na gan ta da idona. Aka kira zumuntar mata su shigo da baikonsu, wato kyautar godiyarsu. Mai tulu ta fara, caki ya ɗauka, Mama ta ja numfashi ta saki murya. Jama'a, ban taɓa jin ta a can ba. Ta wuce G, ta wuce A, ta tafi inda ko 'yan guruf ba su ba shi suna ba. Matan da ke amshi suka miƙe wuya, jijiyoyi suka fito, wata tsohuwa ta yi ƙoƙari sau ɗaya ta koma tafi kawai. Ni kuwa yatsuna suna kan kibod sun ƙi motsi. Ina ganin dattawa suna duban juna, ina ganin Baba ya sunkuyar da kai yana karanta bayan Littafi Mai Tsarki. Baiti na farko ya ƙare, kibod bai ce uffan ba.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na ce tun da za a tafi da shi, bari dai a ji muryarsa sau ɗaya a hannuna. Na danna F ɗina, shi kaɗai na iya, na riƙe shi, hawaye suna ɗiga a kan farare da baƙaƙen maɓallan. Ƙarar ta yi karo da muryar Mama kamar an jefa dutse a kwano. Ta juyo da idon nan nata da ke sa mu shiga ƙarƙashin gado. Ta gan ni, ta ga hawayen, ta ga yatsuna a inda suke. Sai ta ɗaga hannu, mai tulu ta tsaya, majami'a ta yi tsit har zakarun. Mama ta karkata kai tana sauraron ƙarar da nake riƙe da ita, ta yi gyaran murya, ta laluba a hankali, ta sauko, ta ƙara saukowa, har muryarta ta zauna a kan F ɗina. Ta sake ɗauko waƙar daga farko. Matan zumunta suka amsa da ajiyar zuciya, don su ma an cece su. Na bi ta baiti bayan baiti, ina kuskure ina gyarawa, duk lokacin da zafin waƙa ya fara ɗaga ta sai ta waiwayo ni ta dawo. Aka yi rawa har bagade, saurayin bayan tsauni ma ya tashi ya taka, igiyarsa tana lilo a aljihu.

Kibod bai tafi ko'ina ba. A hanyar gida Baba ya matso kusa da ni ya ce a hankali, shekarun da ya yi da matar nan bai taɓa ganin ta sauko wa ɗan Adam ba, in faɗa masa wane maɓalli na danna. Mama ta ji shi. Ba ta waiwayo ba ta ce da irin Hausar mutanenmu, "Ni ban sauko wa kowa ba. Yarinyana ne yana ƙasa, na je na ɗauko shi." Da na hau dutse na ba 'yan guruf labari, Chidi ya ce a rubuta wannan a littafin darasi, na Jos kuma ya ce shi har yanzu yana nan a kan bakansa, ranar farko G ce. Akuyar dai ba ta ga sabuwar shekara ba, da ita muka yi Kirsimeti, kuma Mama ce ta zaɓe ta.

Yanzu ni ma na yi karatun da Bulus ya yi, ina koyar da kiɗa a wata makaranta a Sabon Tasha. Yaran da nake koya wa suna da darussa a waya fiye da yadda za su iya kallo, akwai ma abin da za ka kara a bakin mai waƙa ya faɗa maka ki ɗinsa nan take, ba sai wani ya yi fushi ya fita daga guruf ba. Ina cikin irin waɗannan guruf ɗin har yau, kuma in wata yarinya ta turo tambaya daga wani ƙauye da muryar kaji a bayanta, ni ce ta farkon amsawa. Na iya ki goma sha biyun nan duka, ko daga barci aka tashe ni. Amma Mama ta tsufa, ta miƙa ba da waƙa ga wata, muryarta ta yi ƙasa, ko akuya ta cinye akwatin kayanta ba za ta iya hawa inda ta hau a ranar nan ba. In na je gida nakan ɗauko mata kibod ƙarƙashin mangwaro, ta yi waƙa a hankali ina bin ta, ina ta jira ko za ta ɗaga. Sai da na iya bin ta ko'ina, sannan ta daina tafiya nesa.