Itatuwan Alhaji a Gonarmu

Shekarar da wani Alhaji ɗan kasuwa daga Dogon Dutsi ya zo gina gidan mai a bakin hanyar garinmu, gawo ne ya fara shan wuya. Manyan da ke filin duka aka kwantar. Sai ma'aikatar magajin gari ta ce doka ce, wanda ya sare sai ya shuka wasu, ya kuma biya kuɗin ma'aikacin da zai riƙa zuwa duba ko sun rayu.

Alhaji ya biya yana dariya. Dariyar nan ba ta kwanta mini ba.

Da aka rasa wurin shuka, yayana ya ba da aron gefen gabas na gonarmu ta gado, inda muka bar ƙasa ta huta. Na same shi yana gyaran hauya.

"Yaya, don mi ka yi haka? A Arewa wa ya taɓa barin baƙo ya kafa icce gonarshi? Ko aro anka ba mutum, hatsi yake shukawa. Icce shaida ne, wanda ya kafa shi shi ke da gona."

"Kai dai lakwal ɗin nan, bokon da ba ka ƙare ba, ke damunka," in ji shi. "Inuwa za mu samu kyauta."

Aka shuka gawo da bedi, wato dogon yaro. Ma'aikacin ya fara zuwa kan babur, mutum mai ladabi, Baba kaza Baba kaza, yana ɗaukar hoton kowane icce da salula. Na sa rai awaki za su yi mini aiki, kuma sun fara. Sai ya ce ba zai iya kai rahoton matattun itatuwa ba, dole a kewaye. Kafin kasuwa ta sake ci, Alhaji ya aiko da waya da ƙarafa.

Yaya ya rasu da bazara. Bakin da ya ce aro ne ya shiga ƙasa.

Da ruwa ya sauka na ɗauki shanu zan buɗe gefen, don ya huta ya isa. Ma'aikacin ya tare ni a ƙofar wayar.

"Baba, yi haƙuri, garma tana yanke saiwa. In icce guda ya mutu, tara ce."

"Gonar ubana ce fa."

"Ni ba gona nake dubawa ba, Baba. Icce nake dubawa."

"Har yaushe?"

"Har su girma. An biya."

Na juya shanun na tafi wurin maigari, wanda ya san iyakar kowa tun zamanin iyayenmu. Na faɗa masa duka, muryata tana tashi. Ya bari na gama, yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Ɗan'uwana, na ji. Amma ranar da maganar ga za ta zo gabana, abu guda za a tambaya. Wa ya kafa iccen?"

Na ce Alhaji.

Bai ɗago kai ba. Ya ce in gaida gida.