Kwanon Tumatir a Shagon Taki

Shekarar da tumatir ya yi arha har awaki suka ƙoshi da shi, maigidana ya dawo daga bakin titin Kura da kwandunansa cike kamar yadda ya tafi da su. Ya jibge su a zaure, ya ce shi da noman rani har abada. Da an girbe shinkafar damina zai bi ƙaninsa Kudu ya yi acaɓa. Ni kuwa na rantse a raina ba zan raini 'ya'ya da uba a waya ba.

Na taɓa ji a rediyo ana dafa tumatir a ɗura a kwalba ya daɗe bai lalace ba. Amma matar da ta yi bayanin da kilo take magana: kowane kilo ga gishirinsa, ga lemun tsaminsa, in ka rage ya yi tsami ya kumbura. Kilo fa! Mu da muka tashi da kwano da gwangwani.

Uwar mijina ta ce, "Ke dai kin cika fi'ili. Kwano ai kwano ne, zuba ki dafa."

Na ce, "Inna, kwanon manyan tumatir daban, na ƙanana daban. Manyan nan rabin kwanon iska ce."

"To je ki auno iskar."

Aikuwa na yafa mayafina na tafi. Sikeli ɗaya na sani a garinmu, na mai shagon taki, inda maza ke zaman hira a benci. Na ratsa su da kwanona da wuƙa da bokitin tumatir. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah, yau miya ce a shagon taki?" Suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni har kunnuwana, amma haushin ya fi ta yawa. Na ce, "Baba, wanda ya zubar da nasa a kwata ai bai kamata ya yi wa mai aunawa dariya ba." Na wuce wajen sikeli.

Na auna kwanon manya, na auna na ƙanana, nauyi ya sha bamban. Sai na tsuguna a wurin na yayyanka su. Yankakke kam, babba ne ko ƙarami, in ya kai wuyan kwano, kilo ɗaya yake nunawa. Na ari ƙusa na karce wurin a jikin kwanon, na kama hanyar gida.

Na yi kwanaki a bakin murhu ina yanka, ina aunawa, ina tafasa kwalabe. Hayaƙi ya cinye min ido. Rabin kwandunan ma sun ruɓe kafin in kai gare su, sai kaji. Sauran na ɗura a kwalabe na jera su ƙarƙashin gado, kullum sai na leƙa in ga ko murfi ya kumbura.

Da damina ta yi tsakiya, tumatir ya zama sai mai hali, na fasa kwalba ɗaya na yi miya ja wur. Maigida ya kai loma biyu ya tsaya.

"Ina kika samo wannan?"

"Gonarka."

Ya ƙara kai loma. Can ya tambaye ni ko kwalaben nan ana samun su da yawa. Kafin a yanke shinkafa ya riga ya yafa irin tumatir a bakin kanal ɗin noman rani.