S ɗin da Hajjo Ta Koya Mini

A gidanmu na unguwar Madaki, tatsuniya sai an gama cin tuwo. Kakarmu Dada takan ja kujerarta kusa da murhu, mu kewaye ta kafin garwashi ya mutu. Ni dai kunnena yana wajenta, hannuna yana zana S da tsinke a cikin toka: layi uku a sama, uku a ƙasa, a haɗe su, a yi masa tsini kai da gindi.

Ƙawata Hajjo ce ta koya mini a firamare. Ta ce ita ta ƙirƙiro shi, namu ne mu biyu, har rantsar da ni ta yi. Ni kuma uwar zumuɗi, kullum yana tafin hannuna da biro.

Wata rana Hajjo ta zana ƙatonsa da gawayi a bangon ajin da aka yi wa sabon fenti, ina tsaye ina kallo. Da malam ya tambaya, ta ce, "Malam, duba tafinta." Na sha bulala a gaban 'yan aji, ko kallona ba ta yi ba.

Da yamma Dada ta ga ina zama a karkace. Sai ta fara labarin Buba makiyayi, wanda abokinsa ya roƙe shi su tsaga kunnen shanunsu iri ɗaya, don kowa ya san su ɗaya ne. Buba ya yarda. Da damina shanun abokin suka cinye gonar dawa. Mai gona ya kama guda, ya duba kunne. Abokin ya ce, "Ai shaidar Buba ce, kowa ya sani." Aka ƙwace saniyar da Buba yake tatsa.

"Dada, abokin fa? Me ya same shi?"

"Ba komai. Ya sha nononsa, ya yi ƙiba. Tashi ki wanke hannun nan."

Na kwana da haushinta, don a tatsuniyoyinta ko kura ba ta cin banza.

Da na girma na ga S ɗin a bangayen unguwar Herwagana, na gan shi a bayan keke, na ji ashe yaran duniya duka suna zana shi. Ko ƙirƙirar ma ƙarya ce. Har yau in na gan shi sai raina ya sosu.

Kwanan nan 'yata ta dawo makaranta da shi a tafinta. "Mama, sirri ne, ni da Zainab kaɗai."

Na ce, "Ita ma akwai a nata tafin?"

"A'a. Ta ce nawa ya isa."