Saƙon Hauwa'u ya shigo wayata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina wanke shinkafa aka kira ni, wai Hauwa'u ta rasu. Kwale-kwale ne ya kife da su jiya a hanyar ƙauyensu, can wajen Guri.

Aminiyata tun firamare. Ita take tura min littattafai a waya, tana min dariya in na yi kuka a kan jarumar labari.

Ranar Alhamis da la'asar ta zo cajin kwamfutarta, gidanmu akwai sola. Ina kwance ina karatu ta fizge wayar.

"Ke Amarya, bar soyayyar nan ki ga abin da ya hana ni sakat."

Aikinta gyaran kanel ne, can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ta ce akwai ɗan umarni mai ɗebo bayani daga ma'ajiya ya zuba a mazubi. In bayanin na karantawa ne kawai, ba a taɓa shi, sai mazubin ma ya kwaso wannan dokar, ya ƙi karɓar komai.

"Kamar a hana zuba ruwa a randa, sai moɗa ma ta rufe bakinta. Moɗar kaɗai na buɗe, ban taɓa randa ba."

Na ce, "Uwar iyayi, ba ni wayata."

Ta riga ta tura wa masu kula da kanel ɗin gyaranta. Kafin ta ba ni wayar sai da ta sa imel ɗinta a ciki, don babu sabis a ƙauyen da za ta. "In sun amsa ki ajiye min."

Sun amsa. Ɗazu, ina zaune da hijabin zuwa gaisuwa, wayar ta yi ƙara. Maigidana ya fassara min: gyaran ya yi, amma sai ta canza layi ɗaya ta sake turowa, in ba haka ba za su jingine shi.

Da sunanta suka fara, kamar tana nan. Na karanta ya fi a ƙirga, na kasa rubuta ko harafi.

Don Allah, in akwai wanda ya iya aikin nan a cikinku, ya min magana. Kwamfutar na ɗakina, a jikin caji yadda ta bar ta. A gyara layin, a tura, a bar sunanta a kai.

Allah Ya jiƙan ki, Hauwa'u, Ya haskaka makwancinki. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.