Ranar da Kat-kat Ta Sha Farau-farau

Kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina tuƙi da gyaran motar sarwis. To, akwai ranar da har yau ban manta da ita ba, kuma ba ranar yabo ba ce.

Shekarun farko na mulkin kai ne, Turawa na ta miƙa makullan buro, wato ofis, suna komawa gida. Ni ina shofer a sarwis ɗin kula da dabbobi a Agiye, wadda a lokacin ƙarƙashin Tasawa take. Mu biyu ne kawai a wurin: Likita Isufu, malamin dabbobi, wanda shi ne shugabana, sai ni Mamman. Motarmu tsohuwar kat-kat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda wani Bature ya gama cin ƙuruciyarta kafin ya bar mana. Babu gareji a Agiye. A ƙofar gidana take kwana, ƙarƙashin itacen bedi, kuma nan nake buɗe mata ciki duk ranar Lahadi, in goge buji, in tace mai, in shafa giris, in ɗaure abin da hanya ta sassauta.

Ƙa'idar aiki ita ce, duk ciwon da ya fi ƙarfin shofer ya faɗa wa shugabansa, a tura motar babban gareji a Maraɗi. Sai dai kowa ya san tsohuwar mota in ta shiga can ba ta cika fitowa ba. A ce ta gama aiki, a jingine ta, shofer ɗinta kuma a ce ya tafi gida sai an neme shi. Shi ya sa da radiyater, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, wanda 'yan Katsina ke ce wa lagireto, ya fara ɗiga ta wani ɗan tsagu, na liƙe shi da sabulu na ja bakina na yi shiru. Bido guda na ƙarfe, wato jarka, nake ɗaurewa a baya, in ta sha ruwa in ƙara mata. Wata biyu ina wannan ɓoyon, Likita bai sani ba.

A bazarar shekarar sai labari ya zo cewa bushiya na gangarowa daga arewa. Ku yaran yanzu ba ku san ta ba. Ciwo ne da in ya shiga garke, mai shanu ɗari zai iya wayar gari da igiyoyi kawai. Likita ya sha zirga-zirga kafin wani Ardo ya yarda ya tara makiyayansa a wata rijiya kusa da Sae Sabuwa, rana ɗaya tak, don ba su gama amincewa da allurar gwamnati ba. Maganin rigakafin kuwa ba ya son zafi ko kaɗan. A cikin akwatin ƙanƙara ake ɗauko shi, an lulluɓe da garin katako da buhu. Muddin da ƙanƙara, magani ne. Ta narke, ya zama ruwan banza.

Da hantsi babbar motar Maraɗi ta sauke mana akwatin a Cadawa. Likita ya ɗaga buhun ya leƙa, ya ce ƙanƙarar za ta kai mu la'asar in Allah ya so, alhali tafiyar ba ta wuce mu isa kafin azahar ba. Muka bar babbar hanya muka faɗa rairayi. Na sassauta iskar tayu, na sa ƙaramin giya, ƙafafu huɗu na ja. Mota a rairayi kamar jaki ne da kaya a tudu, ƙoƙari da yawa tafiya kaɗan, inji kuwa sai zafi. Sabuluna bai yi wani nisa ba ya narke. Sau biyu ina tsayawa ina ƙara ruwa, ina ce wa Likita zafin rana ne. Kafin mu yi rabin hanya bidona ya koma fanko.

Muka shigo wani ɗan ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen kirki ne kuma ba su yi laifin komai ba. Maigari ya fito da kansa, aka shimfiɗa tabarma. Likita ya ba shi haƙuri, ya ce sauri muke. Ni kuma na kwance bido na miƙa, na ce a taimaka a cika mana ruwa. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce na mota ne ba, don Likita na tsaye kusa da ni, kuma ba na son ya fara lissafa yawan ruwan da motar ke sha.

Aka shiga da bido cikin gida, aka ɗan jima. Na ji sakan turmi, ban kawo komai a raina ba. Da aka fito da shi sai ga mahaifiyar Maigari, tsohuwa mai fara'a, ta biyo har bakin zaure tana cewa, "Ku yi haƙuri ɗiyana, ba yawa. Allah shi kai ku lahiya." Muka yi godiya. Na ja motar gaba da gari kaɗan, na ce wa Likita zan duba taya, na buɗe murfin inji. Na naɗe hannuna da tsumma, na kau da fuska saboda tururi, na kafa bakin bido na tuttula. Na ga ruwan fari-fari, amma rijiyoyin yankin da yawa haka ruwansu yake saboda farar ƙasa. Na juye shi tas, har abin da ya kwanta a gindi.

Ba mu yi tafiyar rabin awa ba Likita ya ɗaga hanci. Ya ce, "Mamman, wa ke dama kunu cikin dajin ga?"

Ni ma na ji ƙanshin. Na dubi agogon zafi, hannunsa ya kwanta a kan ja. Na kashe inji. Da na ɗaga murfi, wani abu mai kauri na tsartuwa ta bakin radiyater yana bin gefe yana ƙonewa. Na dangwala na kai baki. Gero ne, har da ɗan yaji.

Kowannenku ya san abin da ya faru, don duk 'ya'yan ƙasar nan ne ku. A ƙauyukanmu ba a miƙa wa baƙo ruwa tsura, abin kunya ne. Sai an jefa ɗan gumba ko fura an yi farau-farau. Balle baƙin gwamnati, cikin zafin bazara. Tsohuwar nan gumbar gidanta ta sa aka daka, ta dama mana da hannu sake don ta girmama mu. Ni da aka haifa cikin wannan al'ada, ni na karɓa na ɗura wa inji, ya dafa shi ya zama kunu, ya toshe duk 'yan hanyoyin da ruwa ke bi.

Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tambaye ni dalilin da motar ke shan ruwa haka, na faɗa masa gaskiya, har da sabulun. Sai ya ce, "Wannan maganar ta jira. Awa nawa?" Na ce biyu, in an sami ruwa. Ya ce ƙanƙara ba ta san biyu ba, in yi abin da zan yi.

Muka kinkimi akwatin zuwa inuwar wani gawo, Likita ya cire rigarsa ya ƙara rufa masa. Ni kuma dole na jira ƙarfe ya huce, kuma ban taɓa jin jira mai ɗaci irin wannan ba. Na kwance tiyon ƙasa, kunu ya zubo guda-guda. Na cire fanka, na kwance kusoshi, na ciro radiyater ɗin gaba ɗaya. Allah ya kawo wani manomi a kan jaki, ya ce akwai rijiya bayan tudu. Muka ɗora wa jakin radiyater da bido, ina biye a ƙasa ina sassarfa.

Matan da ke jan ruwa suka ga mutum da kakin gwamnati yana wanke ƙarfe kamar mai wankin hanji, suka yi ta dariya, amma suka taimaka. Ɗaya ta kwance kanwa daga bakin zanenta, muka jiƙa. Na kifa radiyater, ina ɗura ruwa ta ƙasa yana fita ta sama, ina jijjigawa, ina hurawa da baki har idona ya yi ja. Guga nawa aka ja ban sani ba. Duk ɗagowar da zan yi sai na dubi rana, ita kuwa ba ta jira na.

Da na dawo na tarar da ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin akwatin, ruwa na ɗiga ta kusurwa. Likita na zaune ya zuba masa ido. Na wanke cikin injin da bido guda, manomin ya sake ɗebo wani, na mayar da komai wurinsa. Wannan karon sai da na kurɓi ruwan kafin in zuba. Motar ta tashi a bugu na biyu. Abin haushi, tsagun nan da ya jawo komai ya daina ɗiga, gero ya liƙe shi ram.

Mun isa rijiyar bayan la'asar. Ƙanƙarar da ta rage ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, amma da sauran sanyi, magani bai mutu ba. Ardo ya tsayar da mafi yawan mutanensa da lallashi. Likita na huda, ni ina riƙe ƙaho, har rana ta faɗi. Sai da muka gama Ardo ya ce mutum ɗaya ya tafi, wani mai suna Buba. Tun safe yake tsaye da shanunsa a rana, da azahar ta wuce ya ce gwamnati ta yi musu wasa, ya kora garkensa ya yi arewa.

Washegari Likita ya sa muka ciro radiyater aka kai Maraɗi a babbar mota, aka yi masa walda aka dawo da shi. Motar ba ta je ko'ina ba, ni ma ba a kore ni ba. Ashe abin da na yi wata biyu ina tsoro aikin yini ɗaya ne, da na buɗe baki.

Bayan wasu shekaru aiki ya sake kai ni wajen Sae Sabuwa. Na tsaya neman ruwa a wani gida a bakin gari, mai gidan ya fito da hauya a kafaɗa, dogo, da ganinsa ka ga Bafillace. Muna gaisawa ya ce ya san motar likitan dabbobi ce wannan, ya taɓa jiran ta. Shi ne Buba. Bushiya ta same shi a arewa a wannan bazarar, ta bar masa saniya biyu. Ya sayar da ɗaya ya zauna noma. Ya faɗe shi ba tare da zargin kowa ba, ya ce haka Allah ya rubuta. Na so in gaya masa abin da ya tsayar da mu a hanya, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya shiga gida ya fito mini da ƙwarya. Farau-farau ne. Na sha, na mayar masa da ƙwaryarsa.

Don haka in kun ga ina ɗanɗana ruwa kafin in zuba wa mota kuna dariya, ku yi dariyarku. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, mutanenmu za su ba ka fiye da abin da ka roƙa, saboda haka ka faɗa musu abin da kake so da shi. Ciwon mota kuma ka faɗe shi ranar da ka gan shi. Ni na ɓoye nawa don in tsare abincin gidana, kuma na tsare. Wanda ya biya shi ne Buba, mutumin da bai taɓa shiga motar ba ko sau ɗaya.