Lafiya Lau Daga Dugabau

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin rediyo na ofishinmu na Kano, amma ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba da damina, a farkon shekarun Shari'a. Ƙungiyar da nake yi wa aiki ta ƙasa da ƙasa ce, tana haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Dokarta ita ce, duk ma'aikacin da aka tura aiki, ransa da lafiyarsa suna wuyanta har ya dawo. Saboda haka kowace mota tana da rediyo, direba zai kira ni duk bayan awa biyu, ni kuma in rubuta inda suke da halin da suke ciki. Lokacin ana tsuke bakin aljihu, an rage mu daga uku zuwa ni kaɗai, motoci kuwa tara. Sai shugabarmu, wata Baturiya da muke kira Madam, ta ce kada kira ya wuce rabin minti.

Ran nan aka tura Injiniya Nasiru duba rijiya a Dugabau ta ƙasar Kabo. Direbansa Baba Ado ne, dattijo mutumin Lakwaya, wanda bai taɓa sayen ko goro ba tare da ya tambayi lafiyar iyalin mai goron ba.

Ƙarfe sha biyu ya kira. "Salamu alaikum, Malam Sani. An wuni lafiya? Ya aiki? Ya ruwa? Ya mai jikin nan taku?"

Na amsa ido na kan agogo, na ce, "Baba, kuna ina? Lafiya kuke?"

"Muna Dugabau. Lafiya lau, sai godiya."

"An karɓa, sai ƙarfe biyu." Na koma kan wata motar.

Ƙarfe biyu ma haka muka yi. Sai ƙarfe huɗu, da na zo rubuta Dugabau a karo na uku, na ga aikin awa ɗaya ya cinye wuni. Na ce, "Baba, wai me kuke yi har yanzu?"

"To, da ma dai motar ce ta ɗan kwanta a bakin rafi."

"Ta kwanta? Ina Injiniya?"

"Yana gindin mangwaro a cikin gari, ana yi masa fifita. Ƙafarsa ce ta ɗan taɓu."

Ƙafar da ta ɗan taɓu karaya ce, tun kafin sha biyu. Mutanen gari sun ɗauke shi, mai ɗori ya ɗaure, amma ta kumbura har yatsun sun fara sauya launi. Na juya motarmu da ke Kutama ta kai shi asibitin Gwarzo kafin magariba. Likita ya ce da an kwana, da sai dai a yi wata maganar.

Da aka zauna bincike, Madam ta buɗe littafina, ni kuma aka sa ni tafinta a shari'ar da nake ciki. Ta tambayi Baba Ado me ya sa ya ce lafiya.

"Ranki ya daɗe, da raina, da ransa, in ce ba lafiya? Kuma ba a fara wa mutum da mugun labari. Ina gama gaisuwa zan shiga bayani, sai Malam Sani ya ce an karɓa."

"Me ya hana ka kiran gaggawa?"

"Ai ba wanda ya rasu."

Na fassara mata duka, har da inda ya ambace ni. Nan take ta soke dokar rabin minti, ta sa na rubuta sababbin tambayoyi: Motar tana kan tayoyinta huɗu? Kowa yana tsaye da ƙafarsa? Akwai wanda ake yi wa sannu?

Injiniya ya warke, yana ɗan ɗingishi idan hadari ya haɗu. Ku da kuke kan wannan kujera ta ɗakin rediyo yanzu, ku sani takarda ba ta kula da ma'aikaci, sai wanda ya san yadda mutanensa ke magana. Ni Bahaushe ne, na san ba a samun labarinmu a amsar farko, amma na bar agogo ya mantar da ni. Idan direba ya ce muku lafiya lau, gaisuwa ya gama. Ku ce masa, "Madalla, sai kuma me?"